Sarin Masu Karatu: Yadda Ake Neman Riba Tsakanin Talla da Talla a Intanet

A watan Maris na 2007 wani kamfani mai suna Geosign, da ke garin Guelph a ƙasar Kanada, ya karɓi jarin dala miliyan 160 daga hannun American Capital na Amurka. Ba kowa ya taɓa jin sunansa ba, har a Kanadan. Shafuka yake da su birjik a intanet, kan wasanni da motoci da kayan gida. Amma ba daɗin rubutun da ke cikinsu ne ke kawo kuɗi ba. Kamfanin kan sayi talla mai araha a Google, duk wanda ya danna sai ya tsinci kansa a shafin da aka cika maƙil da tallace-tallacen Yahoo masu tsada. In ya sake dannawa a can, riba ta faɗo. Makonni kaɗan da shigar jarin, Google ya matse wa irin wannan ciniki wuya. Aka shiga sallamar ma'aikata, kuma kafin shekara ta zagayo an raba kamfanin gida biyu.

Sana'ar ke nan da 'yan harkar ke kira abitirej. A Hausance dai sari ne. Wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya auno gero a ƙauye ya kai kasuwar Dawanau ya riga ya san rabin labarin. Sai dai a nan hajar ba hatsi ba ce, mutum ne mai riƙe da waya, kuma abin da ake saye a sayar shi ne dannawar da zai yi da ɗan yatsa.

Asalin kasuwar ya faro ne a 1998, lokacin da Bill Gross ya buɗe GoTo.com. Shi ya yayata tsarin da mai talla ba zai biya ko sisi ba sai an danna tallarsa, kuma farashin kowace kalma gwanjo ake yi a kanta. Kamfanin ya koma Overture, Yahoo ya saye shi a 2003 kan kuɗi sama da dala biliyan ɗaya da rabi. Google ya fito da AdWords a 2000, sannan AdSense a 2003, wanda ya ba duk mai shafi damar liƙa talla ya sami kaso. Kason ya daɗe a ɓoye, sai a 2010 Google ya bayyana cewa kashi 68 cikin ɗari yake ba mai shafi. Daga ranar da aka sami wuri guda na sayen dannawa da wani wurin na sayar da ita, dillalai suka shigo tsakani.

Abin da ya sa ake samun tazarar farashi shi ne dannawa ba ɗaya take ba. Lauya ko kamfanin inshora a Amurka na iya biyan daloli masu yawa kan mutum guda, domin in ya zama abokin ciniki kuɗin zai dawo ninki ba ninki. Labarin mawaƙi ko ƙwallon ƙafa kuwa 'yan sentoci ne. Ƙasa ma na da nata tasirin: mai karatu daga Ingila ko Kanada ya fi na Najeriya ko Nijar tsada nesa ba kusa ba, tunda masu talla aljihu suke dubawa. Aikin ɗan sari shi ne ya kamo mutum ta ƙofa mai araha, ya fitar da shi ta mai tsada.

Ga lissafin, a matsayin misali kawai, bisa tsohon tsarin biya kan dannawa. Mutum ya biya Facebook dala 20, ya sami baƙi dubu, kowane a kan senti 2. Idan biyar cikin kowane ɗari suka danna tallar da ke ba shi senti 50, ya tashi da dala 25. Riba dala 5. To amma idan uku ne suka danna maimakon biyar, dala 15 ce a hannunsa, ya ci uwar kuɗi. Tsakanin riba da faɗuwa mutum biyu ne kacal cikin ɗari, mutanen da bai san su ba, ba kuma shi da ikon tilasta musu. Ga wani ƙulli kuma: kuɗin saye yau ake cire masa, kuɗin AdSense kuwa sai bayan ranar 21 ga watan gaba. Wanda ya ci bashi ya zuba, makonni zai yi yana kallon lamba a allo wadda ba ta zama kuɗi ba tukuna.

Wannan ƙuncin riba shi ya haifi irin shafukan da kowa ya sani, ko da bai san sunansu ba. Kanu mai jan rai a ƙasan labari, galibi ta hanyar kamfanoni irin su Taboola, hoton wani tsohon tauraro, da alkawarin cewa abin da ya zama zai ba ka mamaki. A shiga, a tarar an daddatsa labarin sakin layi biyar zuwa shafi talatin, kowane da nasa tallace-tallacen, maɓallin ci gaba kuma an manna shi jikin talla don yatsa ya zame. Ba rashin iya rubutu ba ne. Lissafi ne ya ce a yi haka.

Kuma ba ƙananan kuɗi ke bi ta wannan rariya ba. A 2023 ƙungiyar manyan masu talla ta Amurka, ANA, ta binciki inda kuɗin mambobinta ke tafiya a cinikin talla na na'ura. Ta gano kashi 21 cikin ɗari na tallan da aka nuna, da kashi 15 na kuɗin da aka kashe, sun ƙare ne a shafukan da aka gina don talla kawai. Tun daga nan kamfanoni da dama suka sa aka riƙa tace musu irin waɗannan shafuka.

Shin haramtacciyar sana'a ce? Sayen talla don jawo masu karatu ba laifi ba ne, manyan jaridu ma na yi. Amma dokokin Google sun hana tallata shafin da babu komai cikinsa sai talla, kuma duk wata dannawar bogi da ta shigo, ko daga na'ura ko daga abokai da aka roƙa, a wuyan mai shafi take, ko da wanda ya sayar masa da baƙin ne ya cuce shi. A nan ne kwatancen Dawanau ya tsaya. Ɗan sarin hatsi in kasuwa ta ƙi yana da buhunsa, yana iya kaiwa wata kasuwar. Ɗan sarin dannawa ba shi da abin ajiyewa, kuma sau da yawa kamfani guda ne mai rumfar, shi ne mai mudu, shi ne sarkin kasuwa. A farkon 2024 ma Google ya sauya mudun: AdSense ya bar biya kan dannawa a tallan cikin shafi, ya koma biya kan yawan nunawa. Wanda ya gina dabararsa kan zamewar yatsa, dole ya sake lale.

Duk da haka harkar na da farin jini wurin matasan Najeriya, saboda da dala ake biya. Masu koyar da ita a WhatsApp da Telegram kan nuna hoton allon AdSense ɗauke da dubban daloli. Hoton da ya kamata ɗalibi ya nema shi ne na ɗaya ɓangaren, wato nawa aka kashe a Facebook kafin a tara wancan. Ba a cika nuna shi ba. Ba a kuma cika faɗin cewa AdSense ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100, bayan an tantance adireshi da lambar da ake aikowa ta gidan waya. In kuwa aka rufe asusu kan dannawar bogi, Google na iya riƙe abin da ya taru ya mayar wa masu talla, alhali kuɗin da aka biya Facebook sun riga sun tafi.