Hutun Hunturu a Bakin Gulbin Rima

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu gabashin jihar Sakkwato, ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo har zuwa Shinaka, kuma zancen da muka ɗauko ba kasafai ake yin sa a nan ba. Zancen hutu ne: magidanci ya ajiye aiki, ya ɗebi iyalinsa, su je bakin ruwa, su kwana a masauki mai tsabta, su ci abincin da ba uwargida ce ta sha hayaƙin dafa shi ba.

Na san wani zai ce, haba Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, su za ka yi wa zancen shaƙatawa? Tambaya ce mai nauyi, za mu zo kanta, ba za mu kauce mata ba. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

A daidai waɗannan watanni, Disamba da Janairu da Fabrairu, ƙanƙara take rufe ƙasashen Turai, rana ta yi wuyar gani. Mutanensu sai su tara kuɗi shekara guda domin su hau jirgi su bi rana inda take. Ƙasar Gambiya, nan Afirka ta Yamma, tun shekarar 1965 ta fara karɓar irin waɗannan baƙi daga ƙasar Suwidin, kuma har yau daga Nuwamba zuwa Afrilu otal-otal ɗin bakin teku a Kololi da Kotu cika suke yi. Me baƙon yake saye da kuɗinsa? Rana, da rairayi, da ruwa shimfiɗe a gabansa, da gasasshen kifi, da gadon da zai kwanta hankalinsa a kwance. Masu hali daga cikinmu ma sun koyi abin, Disamba na yi sai Dubai ko Masar, ko bakin teku a Legas.

To mu dai ba mu da teku, wannan ba gardama. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan madatsar ruwa ta Goronyo bayan ɗaukewar damina, ya san idonsa ba ya kai wa ƙarshen ruwan. An kammala ginin madatsar a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bango ne na ƙasa da rairayi wanda tsawonsa ya haura kilomita 12, tsayinsa kimanin mita 20, an tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ruwan kuwa matafiyi ne. Wani daga gulbin Gagare da na Bunsuru ya gangaro ta ƙasar Zamfara, wani kuma daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ya gaida Maraɗi, sannan ya dawo gida ya faɗa Rima. Da shi ake noman rani a wannan kwari, kuma da shi birnin Sakkwato yake sha idan rani ya tsananta.

Lokacin da ya fi dacewa a ziyarci wannan ruwa shi ne hunturu. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ba mai sha'awar zama a fili. Da damina hanyoyin fadama taɓo ne, ga sauro, ga gulbi yana fushi. Amma da hunturu madatsa na cike da ruwan daminar bara, sauro ya ragu, rana tana ɗumama jiki ba ta ƙona shi, gulbi kuma ya ja da baya ya bar shimfiɗar rairayi fari tas inda yara za su yi tsere har su gaji.

Ka isa bakin ruwan da hantsi, kafin hazo ya gama yayewa. Abin da za ka fara ji shi ne ƙarar filafili yana dukan gefen kwalekwale, tun ba ka hango mai tuƙin ba. Can sai ya ɓullo daga cikin hazo, Basarke ne, ya naɗe kai da rawani har hanci, hannuwansa sun yi fari fat saboda sanyi da ruwa. Tun asuba yake ciki yana duba komar da ya shimfiɗa jiya. Yana taɓa gaɓa 'yan kiri sun kewaye shi, ana juye kamu a kwando: ga tarwaɗa tana murɗa jiki, ga karfasa, ga ƙurungu mai ƙaya, in rabo ya rantse har giwan ruwa. Ana ciniki, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya nesa kaɗan yana jiran abin da za a watsar, garken kirinjijiya na wucewa ta sama da fito. A cikin tsuntsayen da ke kiwo a gefen ruwan har da baƙi daga Turai, waɗanda ke tsallako Sahara kowace shekara su yi hunturu a fadamun Sahel. Su sun daɗe da sanin darajar wannan lokaci a ƙasarmu.

Batun ci kuwa, nan ne ba mu jin kunyar kowa. Kifin da aka fito da shi yanzun nan, a fafe shi a wanke, a shafa gishiri, a jefa cikin kaskon man gyaɗa mai tafasa. Ya fito yana ƙamshi, a barbaɗa yajin ƙuli, a yanka masa albasa, albasar da aka tuge a fadamar da kake kallo. Kowa ya san ƙasar Wurno da Goronyo da albasa da tafarnuwa. Manyan motoci ke ɗibarsu zuwa kudancin Najeriya har da ƙetare. Ka zauna a tabarma ka juya wa iska baya, kana ɓare ƙaya da yatsa, mai shayi na gefe yana fifita gawayi. Da safe kunu mai zafi da ƙosai, ko hoce da miyar sure irin ta mutanen Sakkwato. Da rana Fulani mata su sauke ƙwarya a dama maka fura da nono. Da almuru a kewaye tukubar mai tsire ana jin ɗumi ana hira. Mai son tsaraba ya sayi kifi banda ya ƙulle. Wanda ya ci wannan bai rasa komai ba don bai zauna a teburin otal mai cokali uku ba.

Kuma baƙon da ya zo nan ba ruwa kaɗai zai gani ba. Wurno gari ne na tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mai da shi ribaɗi, ya zauna a cikinsa, a nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa na nan ana ziyarta har gobe. A 1853 Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka ba shi masauki ya yi makonni. Rabah kuma, a bakin gulbin Sakkwato, ita ce mahaifar Sardauna, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Ga kasuwar dabbobi ta Achida a kan hanya. Malamin makaranta da zai kwaso ɗalibansa ya zagaya da su waɗannan wurare, ya ƙare da su a bakin madatsa, ya koyar da tarihi da labarin ƙasa da aikin gona a yini guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin kwana. Mai zuwa yau, sai dai ya kama ɗaki a birnin Sakkwato, a Giginya ko Shukura ko wani otal, ya fito da safe ya koma kafin duhu, ko kuwa ya sauka gidan ɗan'uwa. Karɓar baƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu, tun zamanin fatake akwai fatoma mai saukar da baƙi, ya ba su ɗaki da abinci ya kula da kayansu. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan hali sana'a.

A nan ina da ra'ayi, kuma zan faɗe shi ƙarara: kada a fara da katafaren otal na gwamnati. Mun ga yadda aka yi a Kano. An gina otal a bakin tafkin Bagauda, an gina Rock Castle a kan dutse yana kallon madatsar Tiga, wurare masu kyau da aka kashe wa dukiya. Na Bagauda a ƙarshe ya koma harabar makarantar horar da lauyoyi, na Tiga kuma ya shafe shekaru a yashe. Gini ba shi da wuya, riƙo ne aiki. Abin da ya dace da mu shi ne ƙananan masaukai na mutanen gari: ɗakuna shida ko takwas, ginin ƙasa da rufin azara, wanda kowa ya san ya fi bulo riƙe ɗumi da daren hunturu. A sa fitilar sola, a tanadi bargo wankakke, da ruwan zafi na alwala da wanka tun kafin kiran assalatu, da makewayi mai tsabta, da ɗan masallaci. A killace wani sashe da zana inda mata za su sake, su zauna da 'ya'yansu suna kallon ruwa ba idon kowa a kansu. Hutunmu ba irin na Turawa ba ne, ba tsiraici za mu kwaikwayo ba, kuma ba su muke jira ba. Baƙonmu na farko shi ne ma'aikaci daga Sakkwato, da ɗan kasuwa daga Gusau, da ango da amarya daga Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Kuɗin da za su kashe ya faɗa hannun mai kwalekwale na Goronyo, da mai suyar kifi, da matashin Shinaka da ya gama makaranta yake zaune ba aiki.

Yanzu mu koma ga tambayar da na ce ba za mu kauce mata ba. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, suka kashe mutum sama da 40. Allah ya jiƙansu da rahama. Tun kafin wannan rana da bayanta, ƙauyuka da dama a Goronyo da Rabah da Wurno, da maƙwabtansu na Isa da Sabon Birni, sun ga kisa da satar mutane da kore dabbobi. Akwai manoman da suka bar gonakinsu, akwai iyalan da suke gudun hijira a cikin jiharsu. Don haka ba zan zauna a nan in ce wa kowa ya ɗebi iyalinsa ya kama hanya ido rufe ba. Wanda zai je, ya tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki a ranar, ya yi tafiyar rana, ya nemi izinin jami'an da ke kula da madatsa. In aka ce masa ya dakata, ya dakata.

To me ya sa muke zancen hutu? Saboda mutanen wannan yanki sun cancanci a san su da wani abu ban da labarin makoki. Yaron da aka haifa a Shinaka shekara goma da suka wuce, kusan duk abin da ya ji ana faɗa game da ƙasarsu a rediyo adadin gawa ne. Ya kamata ya ji cewa ƙasar tasu tana da kyan da mutum zai biya kuɗi ya zo ya gani. Kuma idan muna kiran a kawo tsaro, mu riƙa faɗin abin da rashinsa yake hana mu, har da wannan arziki da ke kwance.

Shi ma ruwan yana da nasa haƙƙi a kanmu. A watan Agustan 2025 wani kwalekwale da ya ɗauko mutum sama da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya daga nutsewa suna cin rayuka a gulabenmu kusan kowace shekara, kuma ba a gina harkar yawon buɗe ido a kan jirgin da ba shi da wannan riga. Akwai kuma tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi yake; kada a bar yara su yi ta wanka a irin wannan wuri, wanda ya ga alama kuma ya je asibiti, akwai magani. Madatsar kanta tana neman kulawa. A 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a wannan kwari, har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. A 2018 kuma ruwan ya janye har ya zama saura kimanin kashi 10 cikin 100, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cike cikinta.

Mai shakkar cewa ruwan daɗi da kifi za su iya jawo baƙi, ya dubi Argungu, can ƙasa da mu a kan wannan ruwa dai. Bikin kamun kifinsu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali. Su ma matsalar tsaro ta sa sun yi shekaru ba su yi bikin ba, amma ba su yar da shi ba, sun dawo da shi a 2020.

Kiranmu ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima shi ne ta ware fili a bakin madatsa, ta yashe yashi, ta bai wa mutanen gari damar kafa rumfuna bisa tsari. Shugabannin ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah, da iyayenmu sarakuna, ku zauna da sarakunan ruwa a kan dokar lodi da rigar kariya, wannan ba sai an jira Abuja ba. Gwamnatin jiha da ta tarayya kuma, ku tsare mana hanya da ƙauyuka, shi ne sharaɗin komai. Kai kuma ɗan'uwa ɗan wannan yanki da Allah ya buɗa maka a Legas ko Abuja, kafin ka sayi tikitin Dubai na baɗi, ka tambayi nawa ne kuɗin gina ɗaki shida a garinku.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. A rufe ƙirjin yara da safe, a shafa musu mai, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.