Amfanin Inuwa Ga Gonar Shayi

Shayin da jama'a ke sha safe da yamma, ko a teburin mai shayi a Bagama ko a gida, ganyen wani ɗan itace ne mai son sanyi da ruwan sama mai yawa. Ƙasar Suleja ta yi masa zafi. A Nijeriya ana noma shi ne a kan tsaunin Mambila na Jihar Taraba, musamman a Kakara, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya tana da reshe a Kusuku inda ake nazarinsa.

Abin da ake tsinka a jikin shayi shi ne toho da ganye biyu na sama. Idan rana ta yi ƙarfi har zafin ganye ya haura digiri 35, to aikin haɗa abinci a cikin ganyen yakan ragu, toho ya yi tauri, darajarsa ta faɗi. Wannan ne ya sa manoman Assam a ƙasar Indiya suke shuka itatuwan Albiziya, dangin katsari, a tsakanin layuka. Suna tare rana, suna kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gyaɗa da wake ke yi. A Japan kuwa akan rufe shayi wajen mako uku kafin tsinka, sai ganyen ya yi kore shar, ɗacinsa ya ragu.

Amma fa inuwa tana da iyaka. Idan ta yi duhu, amfani yakan ragu, laima kuma ta jawo cutar ganye. A tuddan Kenya masu sanyi an sare itatuwan inuwa da yawa saboda haka. Tun da Mambila ma tudu ne mai sanyi, inuwa sama-sama ta wadatar, tare da jerin itatuwa a gefen gona don kare iskar rani.

Don haka ana shawartar manomi ya kiyaye waɗannan:

1. Ya yi wa dashe rumfar ciyawa, ya riƙa rage ta sannu a hankali kafin a kai shi gona.
2. Ya zaɓi itace mai doguwar saiwa da ƙananan ganye.
3. Kada ya shuka itacen turare a cikin gona, domin yana shanye ruwa.
4. Ya sassabe rassa a farkon damina, ya bar su su yi yabanya kafin rani.

Wanda yake neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.