Ko Kun Sani? Ƙwaƙwalwa Tana da Masu Gadinta

Ko kun san cewa idan likitoci suka dasa ƙwayoyin halitta na tushe a ƙwaƙwalwa, akasarinsu kan mutu tun a makonnin farko?

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu gadin ƙwaƙwalwar. Da zarar allura ta huda nama, sai ƙwayoyin maikurogiliya su farka, su yi dafifi a wurin raunin, suna fitar da sinadaran kumburi, suna cinye matattun ƙwayoyi. Su kuwa astarosait, masu siffar tauraro, waɗanda ke ciyar da ƙwayoyin jijiya, sai su kewaye wurin da tabo. Tabon yana hana ɓarna yaɗuwa, amma yana iya tare wa sababbin ƙwayoyin hanyar miƙa rassa.

Sai dai waɗannan masu gadi suna kuma fitar da sinadaran da ke taimaka wa dashen ya rayu.

A 2018, Jami'ar Kiyoto ta Japan ta fara dasa wa masu cutar karkarwa ta Fakinsin ƙwayoyin da aka samar daga ƙwayoyin halitta na tushe, tare da ba su maganin takrolimus don kada garkuwar jikinsu ta ƙi dashen.