Jarumtaka Iri Biyu: Tarihin John Cooper

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa Amurka ta karrama wani baƙo, mutumin ƙasar Ayalan, har sau biyu. An haifi John Cooper a birnin Dablin a 1828. Daga bisani ya ƙaura zuwa Amurka, ya yi aikin sojan ruwa a ɓangaren Arewa lokacin Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865.

Ranar 5 ga Agusta, 1864, jiragen Arewa suka kutsa mashigin tekun Mobile, a jihar Alabama, don toshe wa 'yan Kudu hanyar shigo da kaya. Jirgin Brooklyn, inda Cooper yake, ya sha wuta ƙwarai, mazaje suka faɗi, amma bai bar bakin igwarsa ba har aka ci nasara. Saboda haka aka ba shi lambar girma mafi daraja ta sojan ƙasar.

A 1865 kuma, gobara ta tashi a garin Mobile, harsasan igwa suna ta fashewa. Cooper ya ratsa wutar, ya goyo wani mai rauni ya kai shi tudun mun tsira, aka sake ba shi lambar.

Wato ta farko ladan tsayuwa ce gaban abokan gaba, ta biyu kuwa ladan ceton rai. Mutum 19 kaɗai suka taɓa samun wannan lamba sau biyu.