WANE SABULU YA DACE DA KAYAN JARIRI?

Idan haihuwa ta sauka a gidan malamin makaranta ko malamin ofis a ƙasar Garki, kafin ranar suna ta zagayo za ka tarar hankalin maigida ya tafi ga rago da goro da itacen wankan jego. Sabulun wanki kuwa sai a ƙarshe a ke tunawa da shi, a aiki yaro kanti ya sayo duk wanda hannunsa ya kai. Alhali kuwa rago na yini ɗaya ne, amma zanen da a ke naɗe jariri da shi yana manne da fatarsa dare da rana. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa magidanta bayani a kan wannan al'amari, tun da su ne masu fitar da kuɗin.

Sabulun da a ke samu a kasuwanninmu, daga Garki zuwa Ringim har Dutse, iri uku ne. Na farko shi ne sabulun salo, wanda a ke dafawa da ruwan toka da mai tun kaka da kakanni. Na biyu shi ne sabulun sanda. A cikinsa akwai na kamfani, gama kamfanin Lever Brothers ya kafu a Ikko tun 1923, kamfanin PZ kuma ya fara yin sabulu a Aba cikin 1948. Akwai kuma na soda, wanda a ke haɗawa a gida a yayyanka da wuƙa. Na uku shi ne garin sabulu, wanda jama'a suka raɗa wa kowane irinsa suna omo. Shi wannan ba da kitse a ke yinsa ba, da sinadarai ne waɗanda galibi a ke samowa daga man fetur. Jamusawa suka fara yin irinsa a lokacin yaƙin duniya na farko, sa'ad da kitse ya yi musu wuya. Amfaninsa shi ne yana cin datti ko da a ruwa mai zartsi, inda sabulun sanda ba ya kumfa sosai. Amma masu yinsa suna zuba masa turare da waɗansu sinadarai masu sa farin tufafi ya yi ƙyalli, waɗanda an yi su ne musamman don su zauna a jikin yadi bayan wanki.

To, a nan maganar ta ke. Fatar jariri ta fi ta babba laushi da rashin kauri nesa ba kusa ba, abin da ya taɓa ta kuwa yana iya ratsawa ya shiga jini. Wannan ba zato ba ne. Cikin 1967, a wani ƙaramin asibitin haihuwa a birnin St. Louis na ƙasar Amurka, jarirai suka kama zazzaɓi da zufa mai yawa, har biyu suka rasu. Da aka bi sawu, sai aka tarar wani maganin hana fumfuna ne masu wanki ke zubawa a ruwan ɗauraya na ƙarshe, ya zauna a nafkin da zannuwan gado, ya ratsa fatar yaran. Watau abin dubawa ba sunan sabulu ba ne ko tsadarsa, a'a, abin da ya rage a jikin yadi ne bayan an gama wanki.

Wanda ya gane wannan, zaɓi ba zai ba shi wuya ba. Ya nemi sabulun da ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, ba shi da launi mai yawa. Idan na kamfani ne, ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna da irin waɗannan kaya. Ya guji garin sabulun da a ke aunawa a ƙulla a leda ba suna ba lamba. Ya guji sabulun soda mai zafi, gama wanda ya saɓe hannun babbar mace me zai yi wa cinyar ɗan kwana bakwai? Araha ba ta ado. Bula da ruwan bilic da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai wari, waɗannan duka ba a bukatarsu a wankin yau da kullum. Garin sabulu na kamfani ba laifi ba ne, yawancin jarirai ba ya yi musu kome, in dai an zuba kaɗan an kuma ɗauraye sosai. Amma in an ga ƙuraje ko ja a wuya da hammata da inda riga ke gogar jiki, sai a koma ga sabulun sanda mara turare, in bai lafa ba a kai yaro asibiti.

Ɗauraya ita ce rabin wanki, ita ce kuma a kan tauye a ƙasa irin tamu, inda rijiya ke da zurfi, a birni kuwa sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Mace ta kan ɗauraye sau ɗaya don tattalin ruwa. Kayan jariri a ɗauraye su sau uku, har ruwa ya fita garau, yadi ya daina santsi a hannu. Maigidan da ya rage kuɗin turare ya ƙara jarka guda ta ruwa, ya yi dabara. A ware wa jariri bahonsa dabam. Nafkin da ya ɓaci a zubar da ƙazantar a masai, a wanke shi shi kaɗai da ruwan zafi. Sababbin kayan barka da na gwanjo kuma a wanke su tukuna kafin a sa masa.

Sauran abu guda, shi ne mafi hatsari: kafur ɗin nan fari mai dunƙule da mata ke jefawa cikin akwati don ƙwari. Bayaninsa yana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro, wanda mutanen Garki suka san shi sarai, gama a ƙauyukansu ne Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi shahararren binciken nan daga 1969 zuwa 1976, sa'ad da Garki ke cikin Jihar Kano. Likitoci sun gano cewa a ƙasashen da wannan zazzaɓi ya daɗe, mutane da yawa suna gadon ƙarancin wani sinadarin jini da a ke kira G6PD. A Nijeriya wajen ɗaya cikin kowane maza biyar yana da shi, ba ya kuwa nunawa a fuska. Idan jariri mai wannan hali ya shaƙi kafur, ko aka sa masa rigar da ta kwana da shi, jajayen ƙwayoyin jininsa su kan farfashe, shawara mai tsanani ta kama shi. Tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar shi kurma ko da shanyewar jiki, ko ta yi ajalinsa. Kafur ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka wanki ɗaya ba ya raba shi da yadi. Kada a ajiye shi a ɗakin mai jego ko kaɗan. In an ga idon jariri ko dasashinsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar. Can a ke sa shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Daga ƙarshe sai shanya. A shanya a kan igiya cikin rana, ba a kan yashi ko dangar kara ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kan tufafi masu danshi, musamman da damina, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kumburi kamar maruru. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan, saboda haka a goge kayan ciki da baya.

Malaman makaranta da malaman ofis su ne idon jama'a, abin da aka ga suna yi a gidajensu shi maƙwabta ke kwaikwayo. Muna roƙonsu su karanta wa iyalansu wannan, su kuma gaya wa unguwarzoma da kakanni, waɗanda wankin jego ke hannunsu. Sabulu mara turare, ruwa isasshe, rana, da guga, a kuma fitar da kafur daga akwati. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana abin da aka haifa, amin.