Mene ne kulle saƙo, kuma me ya haɗa shi da lauya?

Kulle saƙo shi ne a hargitsa rubutu ko hoto ta yadda babu mai iya karanta shi sai wayar da ke riƙe da mabuɗinsa. WhatsApp ya sa wa dukkan saƙonninsa irin wannan kulle tun 2016. Abin ya shafi mutanen yankin Arewa na Nijar, domin galibin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, kuma manomin Dogondutsi ko Tibiri mai shari'ar gona yakan ɗauki hoton takardunsa ya tura ta waya don ya huta da kuɗin mota.

Wani zai ce tunda saƙon a kulle yake, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kullen yana tsare takarda ne a hanya kawai. Da ta sauka a wayar da ba ta da lambar sirri, ko kwamfutar ofis da kowa ke taɓawa, asiri ya tonu. A 2017, dokar Nijar da ta kafa hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, ta ɗora alhakin tsarewa kan mai ajiye bayanan. Kafin ka tura takardar gonarka, tambayi lauyanka inda zai ajiye ta da wanda zai iya buɗe ta.