Ilimin yau da kullum: Amsoshin da zamani ya sauya

Mutumin da aka haifa a garin Fakku da ke kudancin jihar Sakkwato a shekarar 1960 ya zauna a ƙarƙashin jihohi uku ba tare da ya yi ƙaura daga gidan mahaifinsa ba.

An haife shi a Jihar Arewa, ya shiga makarantar firamare a Jihar Arewa Maso Yamma wadda gwamnatin Yakubu Gowon ta ƙirƙiro a 1967, sannan ya wayi gari a jihar Sakkwato a 1976.

Wannan na nuna wani abu da masu shirya gasar kacici-kacici da ɗaliban da ke shiga cikinta kan manta da shi: amsar da take daidai jiya tana iya zama kuskure yau. Ɗalibin da ya dogara da tsohon littafi kan iya rasa maki a jarrabawa, ko a ganawar neman aiki, alhali abin da aka koya masa ya faɗa.

Kebbe ko Kebbi?

Fakku na cikin ƙaramar hukumar Kebbe, wadda ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai tare da Tambuwal. Baƙi da dama kan ɗauka Kebbe tana jihar Kebbi, saboda harafi ɗaya ne ya raba sunayen, ga kuma iyaka da ta haɗa su.

Da can babu wannan ruɗani, domin jiha guda ce. Sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire Kebbi daga Sakkwato, aka kuma cire Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996. Ta haka Jega da Gummi, waɗanda a da suke jiha ɗaya da Fakku, suka koma wasu jihohin.

Yawan jihohin Najeriya ma haka ya riƙa sauyawa: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sai 36 a 1996.

Ba a Najeriya kaɗai taswira ke sauyawa ba. Shekaru da dama Sudan ce ƙasa mafi faɗi a Afirka, to amma bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a ranar 9 ga Yulin 2011, Aljeriya ce ta karɓi matsayin. Haka kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa Indiya ta zarce China a yawan jama'a.

Giwa mai fukafukai

Dattawan da suka sauke farali a shekarun 1970 da 1980 ba za su manta da jiragen Nigeria Airways masu tambarin giwa mai fukafukai ba.

An kafa kamfanin a 1958, kuma shi ne amsar duk wanda aka tambaya sunan kamfanin jiragen saman ƙasa. Sai dai bashi da rashin iya gudanarwa sun durƙusar da shi, ya daina aiki a 2003.

An ƙaddamar da sunan wani sabon kamfani, Nigeria Air, a Ingila a 2018, har aka nuna jirgi guda a Abuja a watan Mayun 2023, amma gwamnatin da ta biyo baya ta dakatar da shirin a cikin shekarar.

A Jamhuriyar Nijar ma, kamfanin Air Afrique, wanda ƙasar ta kafa tare da wasu ƙasashen Afirka a 1961, ya rushe a 2002.

Tara ko takwas?

Littattafan kimiyya da aka buga kafin 2006 sun ce duniyoyi tara ne ke kewaya rana, ta ƙarshensu ita ce Pluto da aka gano a 1930.

A 2005 masana suka gano wata mai suna Eris, wadda girmanta ya yi kusa da na Pluto. Wannan ya tilasta musu zaɓi: ko dai a ƙara yawan duniyoyin, ko a fayyace abin da ake nufi da kalmar.

A taron da ƙungiyar masana sararin samaniya ta duniya ta yi a birnin Prague a watan Agustan 2006, an sauke Pluto zuwa rukunin ƙananan duniyoyi, saboda ba ta share hanyar da take bi daga sauran duwatsun sararin samaniya ba. Tun daga lokacin amsar ita ce takwas.

Wa ya riga wani?

Akwai kuma amsar da tun asali kuskure ce, yawan maimaitawa ya sa ta karɓu. Mutane da yawa na zaton an kwaikwayi sunan Kannywood ne daga Nollywood.

Alhali kuwa marubuci Sunusi Shehu Daneji ya yi amfani da kalmar Kannywood a mujallar Tauraruwa ta Kano tun a 1999, shekarar da Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Kalmar Nollywood kuwa ba ta bayyana ba sai a 2002, a jaridar New York Times ta Amurka.

Hausawa kan ce zamani riga ce. Saboda haka malamin da zai shirya wa ɗalibansa tambayoyi, a Fakku yake ko a Maraɗi, ya kamata ya fara duba shekarar da aka buga littafin da ke hannunsa, ya kuma saka shekara a cikin kowace tambayar da amsarta ke iya sauyawa.